Man Ƙaiƙayi Mai Haɗi Uku: Yaushe Yake Magani, Yaushe Yake Zama Cuta?

Mai karatu, in kai ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Daura da Damagaram, in kuwa ke uwargida ce mai kula da lafiyar iyali, da wuya a ce ba ku san man da za mu yi magana a kansa ba. Ɗan bututu ne mai kama da na makilin, cikin kwali mai launi. Ana samunsa a kemis, da shagon kayan kwalliya, da kan tiren mai tallar magani, har ma a tasha. A jikin kwalin akan rubuta cewa aikinsa uku ne, wani ma huɗu. Wanda ƙaiƙayi ya hana barci sai ya shafa da dare, kafin gari ya waye ya ji sauƙi. Wannan ne ya ba man farin jini, har ya zama maganin kowane ƙurji a gidaje da yawa: na jariri, da na amarya, da na maigida, duk bututu ɗaya.

Ba man jabu ba ne, kuma yana da ranarsa. Amma sauƙin nan na gaggawa da ya sa ake sonsa, shi ne kuma ƙofar da yake cutarwa ta cikinta. Wanda ya fahimci yadda abin yake, zai tsare fatarsa da ta iyalinsa, ya kuma tsare kuɗinsa, naira ne ko sefa.

Me ke cikin bututun?

Ka juya kwalin ka duba ƙananan rubutun da ke gefe. Ko da Turanci aka rubuta ko da Faransanci, sunayen magungunan kusan iri ɗaya ne, saboda haka ba sai ka iya harshen ba.

Na farko maganin fangas ne. Fangas wata halitta ce 'yar dangin fumfunar da kake gani a kan kwantan tuwo ko burodin da ya daɗe, sai dai irin da muke magana a kai a fatar mutum da ta dabba yake rayuwa, kuma yana son zafi da gumi da laima. Sunayen magungunansa sukan ƙare da "azole": clotrimazole, ketoconazole, miconazole.

Na biyu maganin ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda ke sa miki ya yi mugunya. A waɗannan mayuka yawanci neomycin ne ko gentamicin.

Na uku shi ne sitiroyid, wanda a ɓangaren Nijar likitoci kan kira kortikoyid. Za ka ga an rubuta betamethasone, ko clobetasol, ko beclomethasone, ko dexamethasone. Alal misali, Funbact-A haɗin clotrimazole ne da neomycin da betamethasone. Skineal kuwa ketoconazole da neomycin da clobetasol. Sunayen kasuwa suna da yawa, kullum sababbi na fitowa, don haka kada ka haddace sunan kwali, ka haddace sunan abin da ke ciki.

Sitiroyid ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Aikinsa shi ne ya kwantar da kumburi da ja da ƙaiƙayi, ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin da aka shafa. Tun 1952 aka fara shafa mai sauƙinsa, wato hydrocortisone, don cututtukan fata, kuma ya taimaki ɗimbin jama'a. Sai dai waɗanda ake zubawa a man haɗi uku ba masu sauƙin ba ne. Betamethasone na cikin masu ƙarfi, clobetasol kuwa na cikin mafiya ƙarfi duka, ya ninka hydrocortisone sau ɗaruruwa. Irin maganin da likitan fata ke aunawa kafin ya bayar, shi ne ake miƙa wa yaro a kasuwa tare da canjin kuɗi.

Yadda sauƙin ke yaudara

Ɗauki misalin makero, tunda shi ne ya fi kai mutane ga wannan mai. Fangas ya sauka a fata, ya fara cin saman fatar yana faɗaɗa a zagaye. Jiki ya aiko da dakarunsa, sai gefen wurin ya yi tudu, ya yi ja ko duhu, ya riƙa ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin nan da kumburin alamar faɗa ce tsakanin jiki da baƙon da ya shigo.

Da ka shafa man haɗi uku, sitiroyid ne ke fara aiki, cikin sa'o'i kaɗan. Ya janye dakarun, ƙaiƙayi ya tsaya, tudun ya kwanta. Maganin fangas ɗin da ke ciki kuwa mai tafiyar hawainiya ne, yana bukatar mako 2 zuwa 4 ana shafawa safe da yamma kafin ya gama aikinsa. To, a nan matsalar take. Wanda ya ga wuri ya lafa a kwana uku sai ya ajiye bututu, ya ɗauka ya warke, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Bayan 'yan kwanaki ƙaiƙayi ya dawo, wurin ya fi na da faɗi, domin fangas ya samu fili ba mai tare shi. Sai a sake shafawa, a sake samun sauƙi, a sake dainawa. Wanda kuma ya daure ya yi ta shafawa wata da watanni, ya faɗa ɗaya ramin, domin fata ba ta jure sitiroyid mai ƙarfi na tsawon wannan lokaci. In aka gajarta fangas bai mutu ba, in aka tsawaita fata ta lalace: magunguna biyu ne masu wa'adi daban aka ɗaure su a bututu ɗaya.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Makeron da aka daɗe ana shafa wa sitiroyid yakan sauya kama. Zagayen nan da kowa ya sani ya ɓace, gefensa ya shafe, ya zama wani shimfiɗaɗɗen tabo mai ƙananan ƙuraje, wani lokaci zobe cikin zobe. Tun 1968 wasu likitoci biyu a Ingila suka bayyana wannan yanayi, suka ba shi suna mai ma'anar makeron da ya ɓad da kama. A ɗakin duba marasa lafiya shi ne ya fi ba mu wahala, domin cutar da za a gane da kallo ɗaya ta koma sai an yi dogon bincike. Saboda haka in ka je asibiti, ka tafi da bututun da ka yi amfani da shi, ko da ya ƙare. Ba don a yi maka faɗa ba, don a san abin da aka rufe.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne na gida ɗaya. Ƙasar Indiya, inda ake ƙera da yawa daga cikin mayukan da ke kasuwanninmu, ta ga ƙarshen wannan hanya. Shekaru da dama ana sayar da mayukan haɗi a can ba tare da takardar likita ba, har makero ya zama annoba, yana kama gida guda, yana mamaye cinya da ciki da baya, yana ƙin jin magani. A 2018 gwamnatin ƙasar ta sanya mayukan sitiroyid cikin waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita. A 2020 masu bincike suka ba wani sabon nau'in fangas da ya yaɗu a can suna Trichophyton indotineae, wanda sau da yawa ba ya jin terbinafine, ɗaya daga cikin manyan magungunan makero. Zuwa 2023 an ba da rahoton samunsa har a Amurka. Likitocin fata na Indiya suna ɗora babban kaso na laifin a kan shafa mayukan haɗi barkatai. Kai da kake ƙetare iyaka kowane mako ka fi kowa sanin cewa abin da ke bin fatar mutum ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Game da maganin bakteriyar da ke ciki, magana kaɗan ce. A yawancin ƙaiƙayi babu bakteriyar da zai kashe, saboda haka zaman banza yake yi, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Neomycin kuma sananne ne wajen haddasa wa wasu mutane borin fata, wato wurin ya ƙara ja da ƙaiƙayi saboda maganin kansa. Sitiroyid ya rufe wannan ma, sai ranar da aka daina.

Cutar fata ba ɗaya ba ce

Man haɗi uku maganin kirdado ne: ba a san ko wace cuta ba ce, sai a harba kibiya uku ko ɗaya za ta samu. Amma cututtukan da suka fi damun mutanenmu sanannu ne, kuma kowace da nata magani, wanda galibi guda ɗaya ne tak.

Makeron jiki, da na matsematsi wanda ke addabar direbobi da 'yan kabu-kabu da masu yini a rumfa cikin zafi, maganinsu man fangas ne zalla, kamar clotrimazole shi kaɗai. A shafa sau biyu a rana, a zarce gefen tabon da kamar faɗin yatsa, a ci gaba har mako ɗaya ko biyu bayan ya ɓace. Ba zai kashe ƙaiƙayi a dare ɗaya ba, kuma wannan ba alamar rashin ƙarfinsa ba ce. Masu harkar dabbobi a kasuwanni irin ta Maigatari su lura: maraƙi mai farin tabo a fuska ko wuya yana iya sa wa mutum makero, kuma irin wannan yakan yi kumburi sosai har a ɗauka maruru ne.

Cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa shi ma fangas ne. Masu sayar da kifi, da masu wanki, da masu yini cikin takalmin roba sun san shi. Bayan magani, babban abu shi ne a busar da tsakanin yatsu bayan wanka da bayan alwala kafin a sa takalmi.

Kora ta kan yara daban take, kuma a nan ne ake asarar kuɗi mai yawa. Fangas ɗin yana cikin saiwar gashi, inda babu man da ke kaiwa, na haɗi ne ko na zalla. Sai an sha magani, kamar griseofulvin, na mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro, tare da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki da kyau. Ma'aikacin lafiya ne zai auna. A kuma raba hula da mataji da matashi, a tabbata wanzami ko mai aski ya tsabtace kayansa, domin ta nan take bin yara a gida da makaranta.

Ƙyasfi, wato fararen ɗigo-ɗigo ko masu duhu a ƙirji da baya da wuya, wani fangas ne da ke zaune a fatar kowa, sai zafi da gumi su sa ya yi yawa. A nan akwai rikicin suna da ya kamata ka sani. A bakin mutane da yawa a Nijeriya ƙyasfi ake kira egzima, sai mai saye ya ga kalmar a jikin kwali ya ce ya samu maganinsa. Egzimar da likitoci ke nufi wata cuta ce daban, bushewar fata mai ƙaiƙayi wadda ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, kuma ita ce sitiroyid ke yi wa amfani. Ƙyasfi kuwa sitiroyid taki ne gare shi. Maganinsa sabulun ruwa mai ketoconazole ko selenium sulfide, ko man fangas zalla. Launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita ko bayan fangas ya mutu, don haka a yi haƙuri.

Ƙazwa kuma babu ko ɗaya cikin magungunan uku da ke taɓa ta. Wani ɗan ƙwaro ne da ke haƙa rami a fata yana ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, a tsakanin yatsun hannu da wuyan hannu da ƙugu da al'aura, kuma za ka tarar ba mutum ɗaya ke susa a gidan ba. Ana maganinta da permethrin ko benzyl benzoate, a shafe jiki daga wuya zuwa tafin ƙafa, kowa da kowa a gidan a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. In aka shafa mata sitiroyid, susa ta ragu, ƙwaron ya hayayyafa.

Sai wadda nake roƙon kowa ya riƙe. In ka ga tabo mai haske a fata wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma in aka taɓa shi da auduga ba ka ji kamar sauran jiki, kada ka shafa masa komai, ka nufi asibiti. Yana iya zama farkon kuturta. Ana warkewa sarai da magani na wata 6 ko 12, kuma kyauta ake bayarwa a Nijar da Nijeriya duka. Watannin da aka ɓata ana gwada mayuka su ne ke ba cutar damar lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Zuwa gare ki, uwar jariri

Na san dalilin da ya sa ake yi. Jariri ya yi ƙurajen zafi a wuya, ko gindinsa ya yi ja saboda ƙunzugu, yana ta kuka. Maƙwabciya ta ce ga abin da ta shafa wa nata, kuma da gaske washegari wurin ya yi kyau. Wasu ma sukan matse bututu guda cikin man kaɗanya ko basilin, su riƙa shafe yaro da shi bayan kowane wanka, wai don fatarsa ta yi sumul.

Uwargida, fatar jariri siririya ce, kuma faɗinta yana da yawa in aka gwada da nauyin jikinsa. Abin da aka shafa masa yana ratsawa ya shiga jini fiye da yadda yake shiga na babba. In kuma aka shafa aka rufe da famfas, ɗumi da laima suna ƙara tura maganin ciki. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa sitiroyid na asali, wanda ke riƙe hawan jini da sukarin jiki, musamman lokacin rashin lafiya. In na waje ya yi ta shigowa, sai waɗannan halittu su rage aiki. Yaro ya yi kumatu, fuska ta yi zagaye, dangi su yi ta yaba ƙiba, alhali tsawonsa ya tsaya kuma garkuwarsa ta yi rauni. Ranar da zazzaɓi ko gudawa ta same shi, jikin ba shi da abin da zai tashi da shi. A Amurka, takardar da ke cikin kwalin haɗin clotrimazole da betamethasone ta ce ba a so a shafa wa wanda bai kai shekara 17 ba, ta kuma hana shafa shi a ƙurajen ƙunzugu. In haka ne ga ɗan shekara 16, ina ga ɗan wata uku?

Ƙurajen zafi iska suke so, da wanka da ruwa mai ɗan sanyi, da tufafin auduga marasa nauyi. Jan gindi kuwa a yawaita canza ƙunzugu, a wanke da ruwa zalla, a bar wurin ya sha iska, a shafa basilin ko man zinc oxide. In ya wuce kwana uku bai lafa ba, ko ya yi ja sosai da ƙananan ɗigo a gefe, ki kai shi a duba.

Maganar haske

Ba za a yi wannan bayani a tsallake bilicin ba, domin kaso mai yawa na mayukan nan ba don ƙaiƙayi ake sayensu ba. Sitiroyid yana tsuke ƙananan hanyoyin jini na fata, yana kuma rage aikin ƙwayoyin da ke ba ta launi, sai mutum ya yi haske. Masu haɗa man gyaran jiki sun san haka, shi ya sa ake zuba shi cikin haɗin amare da na 'yan mata, sau da yawa ba tare da mai shafawa ta san abin da ke ciki ba. Maza ma ba a bar su a baya ba.

Abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa. Fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana kore-kore. Nanƙarwa mai faɗi ta tsage a hammata da cinya da ƙirji, kuma wannan ba ta gogewa har abada, ko an daina. Ƙuraje su fito a fuska, gashi ya tsiro inda ba a so, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi su bar sauran hannu. Makero da ƙyasfi su samu gida. Ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Wadda za a yi wa tiyatar haihuwa, ɗinki ya ƙi kama fatar. A cikin jiki kuma yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Wanda ke shafawa kusa da ido yana iya jawo wa kansa yanar ido ko hawan ruwan ido mai kashe gani a ɓoye. Garin neman gira ke nan a rasa ido, ba a matsayin karin magana kawai ba. Mai juna biyu da ke shafa mai ƙarfi da yawa tana iya haifar jariri mara nauyi.

Hukumomi sun farga. Ƙasar Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin masu ɗauke da irin waɗannan sinadarai a 2015, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma. Amma doka ba ta shiga ɗakin amarya. Uwa da gwaggo da mai gyaran jiki su ne ke shiga, kuma su ne ya kamata su tambayi abin da aka zuba a cikin kwalba.

In ma'aikacin lafiya ne ya rubuta maka

Akwai lokacin da haɗin ke da amfani: egzimar da aka sosa har ƙwayoyin cuta suka shiga, ko fangas da ya yi kumburi mai zafi wanda ake so a kwantar na 'yan kwanaki kafin a koma man zalla. Wanda ya duba fatar da idonsa shi ne zai yanke wannan, a asibitin sha-ka-tafi ne ko a CSI.

In an ba ka, ka wanke hannu, ka wanke wurin, ka busar da shi. Ga ma'auni mai sauƙi: man da aka matso daga kan yatsan manuni zuwa gaɓar farko kimanin rabin giram ne, kuma ya isa shafe wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba. A shafa siriri har ya ɓace, sau biyu a rana, a kan tabon kawai, kada a ɗaure da bandeji ko leda. Da wannan lissafi, bututu mai giram 15 zai yi mako biyu a wuri mai wannan faɗi. In naka ya ƙare a kwana uku, ka wuce kima. In kuwa ka sami kanka kana neman bututu na biyu, to ba kemis ya kamata ka nufa ba, asibiti ne. Bayan mako ɗaya in babu canji a koma wurin wanda ya rubuta, kuma kada a haura mako biyu sai da izininsa.

Ba a shafa shi a fuska, ko fatar ido, ko cikin farji don ciwon sanyi. Hammata da matsematsi da ƙarƙashin mama wurare ne da fata ke da laushi kuma take rufe kanta, nan ne nanƙarwa ke saurin fitowa, don haka sai da umurni. Ba a sa shi a buɗaɗɗen miki, ko gyambo, ko ƙuna, ko cikin kunne: neomycin da gentamicin in suka shiga jini da yawa suna iya taɓa ji da ƙoda. Ba a shafa shi a ƙuraje masu ruwa da suka fito a jere a gefe ɗaya na jiki da zafi kamar wuta, ko a ƙyanda da ƙarambau. Kuma bututun da aka rubuta wa maigida ba gadon gida ba ne.

Ka gaggauta zuwa asibiti in wurin ya yi zafi da kumburi yana yaɗuwa, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya. Fangas mai yawan dawowa ko mai mamaye jiki kuma dalili ne na a auna suga, a kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Sau da yawa fata ce ke fara kai ƙarar abin da ke ciki.

Wanda ya riga ya daɗe yana shafawa

In kwanaki kaɗan ne a ƙaramin wuri, dainawa kawai za a yi. Amma wanda ya yi watanni yana shafe jiki ko fuska, ko jaririn da aka daɗe ana haɗa masa a mai, kada a yanke rana ɗaya. Dalili biyu ne. Fatar da ta saba takan yi bore: ja, raɗaɗi, ƙuraje, ɓawo, da duhun da ya fi na asali, har mutum ya ce gara ya koma. Wannan yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, amma yana wucewa. Na biyu ya fi haɗari: halittun nan na saman ƙoda da suka yi barci ba sa farkawa nan take. Kasala mai tsanani, jiri, amai, ko suma bayan an daina, alamu ne na a kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba. Ma'aikacin lafiya zai tsara yadda za a rage a hankali, ko a sauya zuwa mai sauƙi kafin a bari. Ki faɗa wa ungozoma a wurin awo, ka faɗa wa likita kafin tiyata. Ba abin kunya ba ne, kuma ba ku ne na farko da muka gani ba.

Ga mai sayarwa da mai sarowa

Alhaji mai shago, da kai mai ɗauko katan daga wannan ƙasa zuwa waccan, ku ne mutanen da mai ƙaiƙayi ke fara gani kafin ya gan mu. Lambar rajista a jikin kwali, irin ta NAFDAC, tana nuna an san da maganin ne. Ba ta nuna ya dace da cutar wanda ke tsaye a gabanka ba. A duba ranar ƙarewar aiki, wadda akan rubuta EXP a gabanta, a kwali da kuma gindin bututu. Yawancin mayukan nan an ce a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, ga shi kuwa a bazara zafin Ƙonni da Maraɗi da Sakkwato yakan haura 40 a inuwa, balle a kan tire tsakiyar rana ko a bayan mota. Man da ya tsinke ya rabu da ruwansa, ko ya sauya launi ko wari, ya tashi daga magani.

In mai saye ya zo, tambaya uku ba za ta ci maka lokaci ba: wa za a shafa wa, a ina, kuma tun yaushe ake shafawa? In amsar ita ce jariri, ko fuska, ko kan yaro mai kora, ko "wannan ne na huɗu da na saya", ka mayar da bututun kan kanta, ka nuna masa hanyar asibiti mafi kusa. In makero ne ƙarami a jikin babba, clotrimazole zalla na nan a kan kantar taka, ka miƙa masa shi, ka gaya masa ya yi mako 2 zuwa 4 yana shafawa safe da yamma ko da ƙaiƙayin ya tafi.